Kaji a tsakar gida, kyanwa a ɗaki, kare a bakin ƙofa: Zaman gidan haya a Aboabo

Gidan da aka haife ni a Aboabo, cikin Kumasi, ɗaki goma sha huɗu gare shi, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya uku. Idan mutane za ka ƙirga za ka samu sun haura arba'in, amma idan ka ce duk mai rai za ka ƙirga sai lissafi ya ƙwace maka. Akwai kajin Hajiya, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan, akwai zabin da wani ɗan haya ya taho da su daga Bolgatanga, da agwagi biyu da ba su rabuwa da bakin kwata, da tantabarun yara a saman kwano, da wata kyanwa mai ruwan toka da ke kwana a ƙarƙashin gadon Hajiya. Shekara biyu da suka wuce sai aka samu ƙari, wato kare.

Ba na jin akwai wanda ya tashi a zango, ko a Nima ne ko Sabon Zangon Akra ko Tamale, da zai ce irin wannan gida baƙo ne a wurinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da matasan unguwarmu suka ɗora mini shugabancinsu, in ka cire rigimar kuɗin ruwa da ta wanda zai kwashe kwata, babu ƙarar da ta fi yawan zuwa gabanmu kamar ta kaza da kare. Mutane na ɗaukar abin wasa, alhali kuwa na ga inda maƙwabtaka ta shekara ashirin ta ɓaci a kan 'yan tsaki biyar.

Kafin mu je ga kare, ya kamata masu karatu, musamman mu samari, mu tuna mece ce kaza a hannun iyayenmu mata. Asusu ce mai tafiya da ƙafarta. Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kuma takan maimaita haka sau uku ko huɗu a shekara. Idan Allah Ya raya rabin 'yan tsakin, to kuɗin littafin jika ya samu, na asibiti ya samu, kuma ranar da baƙo ya sauka daga Kano ko Yamai ba za a ji kunya ba. Gaskiya ne mafi yawan naman kajin da ake ci a Gana yanzu daskararre ne da ake shigo da shi daga Turai da Amurka da Barazil, ya kuma fi araha, amma ku je ku gaya wa Hajiya ta yi miyar suna da shi ku ji amsar da za ta ba ku. Na farko ba ta san wanda ya yanka ba, na biyu ta ce naman kamar auduga yake a baki. Saboda haka duk wanda ya taɓa kazarta, jarinta ya taɓa.

Mai karen wani saurayi ne Ba'ashante, Kirista, makaniki a Suame Magazine, mutum mai ladabi wanda ba ya wuce tsoho bai gaishe shi ba. Sau biyu ɓarayi suna shigowa gidan da dare, suka ɗauke masa batirin mota da akwatin kayan aiki, suka haɗa da tukwanen wata mai sayar da wake da shinkafa. Da ya kawo ɗan kwikwiyo ya ce na gadi ne, mutanen gida suka yi ta gunaguni a ɗaki amma babu wanda ya fito fili ya hana, domin kowa ya san abin da ɓarayin suka yi. Aka bar shi ya ɗaure shi a lungun da ke bakin ƙofar gida.

Kwikwiyo kuwa ba ya zama kwikwiyo. Wata rana bayan sallar Asuba, muna dawowa daga masallaci, sai muka jiyo salatin Hajiya tun daga bakin titi. Ashe karen ya tsinke igiya cikin dare, ya afka wa wata kaza da ta ƙyanƙyashe kwana huɗu kafin nan. Ya kashe uwar, ya kashe 'yan tsaki biyar, bai ma ci ko ɗaya ba, ya dai watsar da su a tsakar gida. Masana halin karnuka sun ce haka abin yake, ba sai yunwa ta kama kare yake bin kaza ba. Gudunta da fuffukarta da kukanta su ne ke tayar masa da halin farauta, kuma wanda ya ɗanɗana sau ɗaya yakan so ya koma.

Kafin hantsi samari sun cika ƙofar gidan. Wani ya ɗauko gora, wani ya ce a bari sai dare a tura maganin ɓera cikin kan kifi a jefa masa, kowa ya huta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda maganar ta fara sauya launi, daga "karen wane" ta koma "mutanen nan ba su ganin girman addininmu". Duk wanda ya san Kumasi ya san ba a wasa da irin wannan magana. Kakanninmu sun fi shekara ɗari suna zaune da Ashantawa, kuma ba a kan kaza za mu zubar da wannan ba.

Na roƙi samari su ba ni zuwa la'asar. Maganar guba kuwa a nan take na ce ba da ni ba, kuma ina so in tsaya a kanta kaɗan domin ita ce dabarar da ta fi saurin zuwa kan mutanenmu. Guba ba ta san wanda aka aike ta wurinsa ba. Kan kifin da aka jefa wa kare, kaza za ta iya riga shi, kyanwa za ta iya ja zuwa ɗaki, kuma a gidanmu a lokacin akwai yara uku masu rarrafe waɗanda duk abin da suka tsinta baki suke kai shi. Yawancin maganin ɓeran da ake sayarwa a kasuwa hana jini daskarewa yake yi, ba ya kisa nan take sai bayan kwanaki. Ke nan kaza za ta iya ci yau, gobe a gan ta tana layi a yi maza a yanka a sa a tukunya, ba wanda ya san abin da ke cikinta. Kyanwar da ke cin ɓerayen da suka ci guba ita ma tana iya tafiya. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Daga nan na wuce wurin malamin da ya koyar da mu Ahalari da Risala a makarantar dare. Na ce, "Allah gafarta Malam, yau kare ne ya kawo ni." Ya yi dariya, ya ce in zauna. Bayanin da ya yi mini ya fi abin da na zata faɗi. Ya ce hadisai ingantattu sun nuna ladan mutum na raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kuma mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da kare yake, shi ya sa Musulmi ba ya kwana da kare a ɗaki yadda muke gani a finafinan Turawa. Amma ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umurni ne kawai, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin karen gadin gida a kan na kiwo da na gona idan akwai buƙata ta gaskiya. Har ya ba ni labarin da malamai kan bayar game da mai Risala kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Ya kuma tuna mini da mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Game da ɓarnar kuwa ya ce babu ja, mai kare zai biya.

Da la'asar muka zauna a tsakar gida da wakilin mai gidan da dattawa biyu. Makanikin bai yi musu ba ko kaɗan. Ya durƙusa gaban Hajiya ya ce, "Mma, na yi laifi, ki faɗi abin da zan biya." Ita kuwa ta ce, "Ɗana, ba kuɗinka nake so ba, kazata nake so, ita ce mai riƙon 'ya'ya a duk kajin nan." Aka dai daidaita a kan zai sayo mata kaza biyu waɗanda suka isa yin ƙwai, zai haɗa wa karen keji na ƙarfe tunda walda ba baƙon abu ba ne a wurin aikinsa, ba za a sake shi ba sai bayan an rufe kaji da dare, kuma a mayar da shi kafin kiran sallar farko. Ni kuma na ƙara sharaɗi ɗaya wanda a ganina ya fi duk sauran, wato ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, ya kawo kati kowa ya gani.

Jama'a, kazar da kare ya kashe ana biya, amma yaron da mahaukacin kare ya ciza aka yi sakaci ba a biyansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare suke kamuwa, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar takan yi wata biyu ko uku tana kwance a jiki, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, ciwon cizon ya warke kowa ya manta. Da zarar alamunta sun bayyana, irin su tsoron ruwa da zubar da yawu da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Amma kafin nan ana iya tare ta. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 cur, sannan a nufi asibiti a ranar domin a fara allurai, kada a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa kamar yadda wasu tsofaffinmu ke cewa. Kuma maimakon a bi karen da duwatsu a kashe, gara a killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido kwana goma, amma ba a jiran wannan kafin a kai yaro asibiti. Kyanwa ma tana ɗaukar cutar, don haka ita ma a yi mata allurar. Kaji dai ba su yaɗa ta. Ana fara yi wa kwikwiyo allura daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. An ware 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma jami'an kula da lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Abinci da Noma sukan fito yin rigakafi a irin wannan lokaci. Kwamitocin matasa su riƙa tambaya a ofishinsu na gunduma, su yi shela a masallatai da coci-coci.

Yanzu bari in faɗi abin da na san ba zai yi wa Hajiya daɗi ba idan jikokinta suka karanta mata. Kare ya kashe mata 'yan tsaki biyar a dare ɗaya, gari ya ɗauka. Amma waɗanda kyanwarta ta ɗauke ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun nan, na tabbata sun ninka haka, sai dai ita ba ta barin shaida. Duk sanda tsako ya ɓace sai Hajiya ta ɗaga kai sama ta tsine wa shirwa. Ni da idona na ga kyanwar nan ta fito daga bayan randa da tsako a baki, da na faɗa sai Hajiya ta ce, "Kai dai ɗan nan ba ka son ta ne, muzurun maƙwabta ka gani." Na yi shiru, don ba a jayayya da kaka a kan kyanwarta.

Mu Hausawa mun ba kyanwa matsayin da ba mu ba kare ba. Tana shiga ɗaki, tana hawa gado, tana shan ruwa a kwanonmu, addini bai ɗauke ta najasa ba, kowane ɗan makarantar allo ya san inda sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa, ya kuma san labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Ga mai kiwon kaji ma tana da rana, domin inda aka ajiye dusa da masara ɓera ba ya rabuwa da wurin, shi kuma ɓera yana cin abincin kaji, yana fasa ƙwai, gafiya har tsako take ja cikin rami. Kyanwa ba ta cika taɓa babbar kaza ba. Matsalar tana ga makonnin farko, lokacin da tsako bai fi ɓera girma ba. Maganin abin shi ne akurki mai ƙaramar raga ta waya, wadda hannun kyanwa ba zai shiga ba, a bar uwa da 'ya'yanta a ciki har su yi wata guda ko fiye, a riƙa ba su tsaki da ruwa a nan. Wannan akurki ɗaya ya raba su da kyanwa da shirwa da kare da ƙafar yara masu ƙwallo.

Akwai kuma masu sayen 'yan tsakin gidan gona na kwana ɗaya su raine su a cikin ɗakin kwana, a kwali, da ƙwan lantarki a sama. Na fahimci dalili, domin a makon farko suna buƙatar ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35, kuma ɗaki ɗaya ne mutum ke haya. Sai dai kashin kaji na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi, kuma ƙananan yara ne suka fi kamuwa, su da ke rungumar tsako suna kai shi baki. A wanke hannu da sabulu, kada a ajiye kwalin kusa da abinci. Idan kuma wuta ta ɗauke, kamar yadda muka sha a shekarun dumso na wajen 2015, kada a kunna gawayi a rufe ƙofa da taga a kwanta don a ɗumama tsaki. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci.

Wata ɗabi'a da nake roƙon mu daina ita ce jefa wa kare ko kyanwa mushen kaza, ko a wurga shi kan bola. Kowace shekara idan hunturu ya kama, annobar nan da likitoci ke kira Niyukasil takan share kajin unguwa, ka ga kaza tana zawo kore, wuya ya murɗe, kwana biyu ta mutu. Kare ne ke jan mushen daga wannan gida zuwa wancan, ya raba wa kowa. Alhali akwai rigakafinta mai suna I-2, ɗigo ɗaya a ido duk bayan wata uku ko huɗu, ana samu ta hannun jami'an dabbobi. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a 2006 a wata gona a jihar Kaduna, ta iso Gana a 2007 a yankin Tema, ta kuma dawo a 2015 da 2021. Ita wannan tana kama kyanwa. A ƙasar Tailan a 2004 har damisoshin gidan namun daji sun mutu bayan an ba su ɗanyen naman kajin da suka kamu, a Folan ma kyanwoyi da dama sun mutu da ita a 2023. Kyanwar da ta ci mushe da rana ita ce za ta kwana a gadon jikanka da dare. A haƙa rami mai zurfi a binne, idan kuma mutuwar ta yi yawa a sanar da likitan dabbobi.

Haka nan a bar ba dabba maganin mutum da ka. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa yana kashe kyanwa ko da ɗan kaɗan ne, kuma wasu magungunan kaska da ƙuma da aka yi don kare guba ne a jikinta.

Abin da ya rage shi ne sabon yayin da ya shigo wa samarinmu. 'Yan boga sun dawo daga Jamus da Ingila da labarin karnukan da ke da gadonsu da likitansu, waya kuma kullum tana nuna mana, sai ga yaranmu na tara kuɗi suna sayen manyan karnukan waje irin su German Shepherd da Boerboel, suna yawo da su da yamma ana kallonsu. Wanda ke da gidansa mai katanga a Kenyase ko Buokrom, wannan tsakaninsa da malaminsa da aljihunsa. Amma a gidan haya mai mutum arba'in, inda tsofaffi ke alwala a tsakar gida yara na rarrafe kaji na kiwo, ni ban ga wurin irin wannan kare ba. Yana cin abin da ya fi na mai shi, yana buƙatar fili da horo, idan kuma aka ɗaure shi yini da kwana a rana sai ya zama mugu. Biyu daga cikin abokaina sun riga sun sayar da nasu da asara.

Shi kuwa karen gidanmu yana nan. Makanikin ya ɗauki shawarar likitan da ya yi masa allura, kullum da sassafe yakan fita da shi ya zagaya har ya gaji, ya ba shi abinci, sannan ya riƙe shi da igiya ya zauna da shi kusa da kaji, in ya zabura ya tsawata masa, in ya kwanta ya shafa kansa. Ya yi wata da watanni yana haka. Yanzu kaji na kiwo har bakin kejinsa, zakara ma na satar masa tuwo bai ɗaga kai ba, amma duk da haka ba mu yarda a sake shi inda 'yan tsaki suke ba, shi ma mai shi bai nemi a yarda ba. Tun zuwan kejin ɓarawo bai sake shigo mana ba. Hajiya har yau ba ta bi ta lungun, in za ta fita sai ta tattare zanenta ta raɓa ta ɗaya gefen, amma ni na sha ganin jikarta na kai ƙasusuwan miya bakin kejin, kuma na san ba da kanta ta yi wannan tunani ba.

Ɗaya daga cikin kajin da aka biya ta ta ƙyanƙyashe tara a watan jiya. Makanikin ya haɗa musu akurkin waya da ragowar ƙarfen kejin, bai karɓi ko sisi ba. Har zuwa jiya da na leƙa tara ɗin suna nan, kyanwa kuma na zaune a kan akurkin tana kallonsu ta cikin raga.